Gadar da Rabinta Ke Hannun Ruwa: Sharhi a Kan Wani Zane na Rene Magirit

Gabatarwa

Na san duk wanda ya buɗe wannan mujalla tamu ya saba ya tarar da sharhin waƙa, ko na wasan kwaikwayo, ko na ƙagaggen labari. To, yau ga ni na zo muku da baƙo, wato sharhin zanen fenti, kuma zanen na wani Bature ne da ya bar duniya tun 1967, wanda bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Kafin a ce na kai kaya kasuwar da ba a cin su, bari in faɗi abin da ya jawo.

Kwanakin baya ina laburare ina neman wani littafi dabam, sai hannuna ya faɗa kan wani kundi na hotunan zane-zanen Turai. Ina ta buɗawa ina wucewa, wasu su ba ni dariya, wasu in rasa kansu da gindinsu, har na iso wani shafi da na kasa wucewa. Gada ce a kan kogi. Ta taso daga gaɓa lafiya lau, ta kai wajen tsakiya, sai ta ɓace cikin gajimare. Amma da na duba ƙasa, sai na ga inuwarta a cikin ruwa cikakkiya, ba inda ta yanke. Na daɗe zaune ina kallo, domin ni mutumin Haɗeja ne, kuma na taɓa tsayawa da ƙafata a gaban gadar da ta kai rabin hanya ta ƙare. Labarin wannan yana nan tafe.

Abin da zan yi a nan shi ne in ɗora zanen a kan gadon feɗe waƙa, irin wanda Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa wa ɗaliban Hausa, in duba zubinsa da tsarinsa, da salonsa, da jigonsa. In an ce ai gadon na waƙa ne, sai in ce waƙa da zane duk magana ce, ɗaya ta kunne, ɗaya ta ido. In kuwa gadon ya karye a ƙarƙashin baƙon, laifin mai feɗewa ne, sai malamai su gyara mini.

Mai Zanen da Zamaninsa

Sunansa René Magritte, amma zan riƙa kiransa Magirit don sauƙin harshenmu. An haife shi a garin Lessines na ƙasar Beljiyam a 1898, ya rasu a Burasel, babban birnin ƙasar, a 1967. Kafin ya yi suna ya yi aiki a wata masana'anta inda yake zana adon takardar da ake mannawa a bangon ɗaki, ya kuma yi shekaru yana cin abinci da zanen talla.

Magirit yana cikin wata ƙungiya ta marubuta da masu zane da ake kiran tafarkinsu suriyalizim, wanda ni na ga dama in fassara da "ƙetare zahiri". Asalin abin shi ne, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, na 1914 zuwa 1918, samari da yawa a Turai sun yanke ƙauna daga irin hankali da lissafin da manyansu ke taƙama da shi, tunda sun ga inda ya kai su. A 1924 wani mawaƙi Bafaranshe, André Breton, ya fitar da takardar manufar ƙungiyar a birnin Faris, inda ya nemi a buɗe wa mafarki ƙofa ya shigo cikin adabi, a daina yi masa kallon shirme. Masu zanensu sun kasu kashi biyu. Akwai masu sakin hannu ya yi ta yawo a kan takarda, duk abin da ya fito shi ke nan. Akwai kuma masu zana abu tsaf kamar hoton kyamara, amma abin da suka zana ba ya yiwuwa a duniya. Salvador Dali na Sifen, mai zanen agogunan nan da suka narke na 1931, yana cikin kashi na biyu, haka ma Magirit, wanda ya zauna kusa da Faris tare da 'yan ƙungiyar daga 1927 zuwa 1930, sa'an nan ya koma gida. Wannan tafarki ya iso mu ma, domin marigayi Abayomi Barber, wanda ya daɗe yana aiki a Jami'ar Legas ya rasu a 2021, ya shahara da zanen daji wanda in ka ƙura masa ido sai ka ga siffofin mutane suna fitowa daga cikin itatuwa.

Abin da ya raba Magirit da sauran shi ne bai cika kawo dodanni ba. Kayan aikinsa su ne abubuwan da kowa ya sani: taga, ƙofa, hula, gida, dutse, gajimare. A 1929 ya zana lofen shan taba, ya rubuta a ƙarƙashinsa cewa wannan abu ba lofe ba ne. Kuma gaskiyarsa, tunda ba mai iya ɗura masa taba. A riƙe wannan, za mu dawo kansa. Zanen da muke magana a kai ya yi shi a 1935, ya sa masa suna Gadar Hiraklitus. Mai son ganinsa ya neme shi a intanet da sunansa na Faransanci, Le Pont d'Héraclite, domin gani ya kori ji.

Zubi da Tsari

Kamar yadda muke ƙirga baitoci da ɗangwaye kafin mu shiga ma'anar waƙa, bari mu fara ƙirga abin da ke cikin zanen. Kayan kaɗan ne. Akwai sama da gajimare, akwai gada, akwai kogi, akwai inuwar gada a cikin kogin. Babu mutum a kan gadar, babu jirgin fito a ruwan. Wanda duk ke ɗari-ɗari da hoton mai rai, a nan hankalinsa kwance yake.

Zanen ya rabu gida biyu, na sama da na ƙasa, kuma fuskar ruwa ita ce iyakarsu. A al'ada gidan ƙasa bawan gidan sama ne: abin da ke sama shi inuwa ke maimaitawa, ba ta ƙarawa ba ta ragewa. In muka ara daga waƙa, sai mu ce inuwa amshi ce. To, a nan 'yan amshi sun rera baitin da zabiya ba ta kai ƙarshensa ba. Wannan saɓani ɗaya tak shi ne dukan ginin zanen, sauran abubuwa duk suna nan yadda Allah ya yi su.

A lura kuma da yadda aka tsara tafiyar ido. Gada aba ce da ke jan ido ya bi ta, don haka mai kallo zai hau ta daga gaɓa ya miƙa, sai ya ji ba komai a gabansa. Dole ya sauko ƙasa neman sauran, kuma a cikin ruwa zai same shi, ya bi inuwar. Wato ido ya ƙetare, ƙafa ba ta ƙetare ba. Masu iya magana sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Akwai wani abu da sai wanda ya tashi a bakin kogi zai lura da shi. Da sanyin safiya a lokacin hunturu, tururin da ke tashi a kogi a kan fuskar ruwa yake kwanciya. Abin da yake fara ɓoyewa shi ne ruwan da inuwar da ke cikinsa, ya bar kan itatuwa da saman gada a fili. Magirit ya kifar da wannan tsari, ya rufe sama ya buɗe ƙasa. Shi ya sa zuciya ba ta amincewa da uzurin cewa ai hazo ne kawai, ko da baki ya faɗa.

Salo

Salon Magirit a nan shi ne rashin nuna gwaninta. Ya shafa fentinsa sumul, ba ka ganin sawun buroshi yana rawa, launukan kuma ba masu ihu ba ne. Kai ka ce hoton da ke cikin littafin koyar da yara ne, inda ake zana gada a rubuta "gada" a ƙasa. Wannan da gangan ne. Mai son a yarda da maganarsa ta ban mamaki, ba ya ɗaga murya.

Bari mu gwada shi da namu. A tatsuniya ma ana yin abin da ba ya yiwuwa, kura ta yi magana, gizo ya auri 'yar sarki. Amma mai tatsuniya yakan yi mana gargaɗi tun farko da "ga ta nan ga ta nanku", ya kuma sallame mu da "ƙurunƙus", don mu san mun fita daga duniyar ƙarya mun dawo tamu. Magirit ba ya buɗewa ba ya rufewa. Ya ajiye abin da ba ya yiwuwa a tsakiyar rana tsaka, ya tafi abinsa.

Ya fi kusa da kacici-kacici, inda ake ɗaukar abin da ke cikin gida a siffanta shi ta yadda mai shi zai kasa gane shi. Sai dai a kacici-kacici in ka gaza kakan ba da gari a faɗa maka amsa. Shi wannan ko ka ba shi Kano da Katsina ba zai faɗa ba, domin an san Magirit da ƙin masu tambayarsa abin da zanensa ke nufi. A ganinsa zane ba akwati ba ne da aka kulle saƙo a ciki. Aikinsa ya tayar wa mai kallo da mamakin abin da ya saba gani har ya daina gani.

A rubutaccen adabinmu ma muna da gini irin wannan. Littafin Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, wanda ya fito a 1934, shekara ɗaya kafin wannan zane, ya kafa ƙafarsa ɗaya a kan tarihi na gaske, wato yaƙin da aka yi da Turawa a ƙasar nan, sa'an nan ya ɗauki jaruminsa ya shiga da shi duniyar aljannu. Shi ma gada ce da ta taso daga gaɓar da muka sani ta shige gajimare. Saboda haka kada wani ya ce mana ƙetare zahiri baƙon abu ne ga Bahaushe.

Jigo

Na nuna wa abokan karatuna hoton, kuma amsoshin da na samu sun kasu uku.

Na farko suka ce gadar cikakkiya ce, gajimare ne ya rufe rabinta. In haka ne, ido ne ya gaza, ruwa kuwa shi ne shaidan gaskiya, don ya ga abin da ya ɓoyu gare mu. Wani daga cikinsu ma ya ce abin ya tuna masa da Siraɗi, wanda mawaƙan wa'azi suka sha tsoratar da mu da shi, gadar da kowa zai hau amma ba wanda ya hango ƙarshenta daga nan duniya. Magirit ba Musulmi ba ne, kuma ba na jin wannan ya zo masa a rai, amma ban ga laifin wanda zuciyarsa ta kai shi can ba.

Na biyu suka ce a'a, gadar rabi ce, ruwa ne ke yaudara, kallon kitse ake wa rogo. Su ma sun rabu. Wasu suka ce da can cikakkiya ce ta karye, ruwa ne bai manta ba. Wasu suka ce ba a taɓa gama ta ba, abin da ke cikin ruwa alkawari ne, irin hoton da ake kafawa a allo a bakin aikin da aka yi watsi da shi. Wato ga waɗannan inuwar jiya ce, ga waɗancan ta gobe ce.

Na uku suka tuna da lofen nan, suka ce ku duka kun faɗa tarko. Babu gada babu ruwa, fenti ne a kan ƙyalle. Rabin da ke sama bai fi na ƙasa zama gaskiya ba, hannu ɗaya ne ya shafa su. Wannan magana daidai ce, kuma Magirit zai ji daɗinta. Amma in muka tsaya a nan mun rufe bakin sharhi ke nan, kamar a ce wa mai nazarin waƙa ai duk iska ce ke fita daga baki.

Don mu fita daga wannan gardama sai mu koma ga sunan zanen. Hiraklitus wani masanin falsafa ne Bagirke, mutumin birnin Afisa da ke cikin ƙasar Turkiyya ta yau, wanda ya rayu wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne koyarwar cewa komai na duniya cikin sauyawa yake, kuma da kogi ya buga misali: wanda ya shiga kogi yau ya koma gobe, ba ruwan jiya zai tarar ba. To, mutum yana gina gada ne don ya huta da wannan hali na kogi. Yana so ya sami abu ɗaya tsayayye, ko ruwa ya cika ko ya janye. Haɗa sunan gada da sunan Hiraklitus kamar a ce "tsayuwar mai gudu" ne. Sai ga shi a cikin zanen abin da aka gina don ya tabbata shi ne ya watse kamar hayaƙi, abin da ba ya tsayawa kuwa shi ne ya riƙe cikakkiyar siffa.

A nan harshenmu ya ba mu wata riba. Kalmar "inuwa" a Hausa tana ɗauke da abin da jiki ke jefawa a ƙasa in rana ta haska shi, da hoton da ake gani a ruwa, da kuma wurin fakewa, kamar yadda muke cewa wane yana ƙarƙashin inuwar wane. A kowace ma'ana inuwa tana bin mai ita ne. Mun taso muna jin ana ba mu tsoro da abin da ke yawo ba shi da inuwa. Magirit ya zo da wanda ya fi wannan ban tsoro, wato inuwar da ta fi mai ita cika.

A tawa fahimtar, kuskure ne mu tsaya neman wanda ya yi ƙarya tsakanin gada da ruwa. Zanen ya ƙi yarda a kalli ɗaya a bar ɗaya. In ka rufe gidan ƙasa da tafin hannunka, abin da ya rage gini ne marar amfani. In ka rufe na sama, abin da ya rage hoto ne da ba ya ɗaukar ko akuya. Gada ba ta cika sai an haɗa da kogin da aka yi ta dominsa. Jigon ke nan a taƙaice: duk ginin da aka yi a kan ruwa, rabinsa ne ke hannun magini, ɗaya rabin yana hannun ruwa.

Yadda Ɗan Haɗeja Ya Karanta Shi

Yanzu sai labarin da na yi alkawari. A daminar 2022, lokacin da ruwa ya mamaye gonaki da garuruwa a ƙasar Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma, na tashi zan je ƙauye in gano kakannina. Mota ta kai mu wani wuri ta tsaya, direba ya ce iyakarsa ke nan. Muka sauka muka tarar da wata 'yar gada tana nan tsaye ƙalau, ko tsagewa ba ta yi ba. Kanta ɗaya yana manne da kwalta, ɗaya kan kuwa yana kallon ruwa, don ruwa ya kwashe hanyar da ke bayanta ƙaf. Na hau na taka har ƙarshe, na tsaya ina hangen inda hanya ta sake ɓullowa can nesa.

Wani dattijo mai fito ne ya ƙetarar da mu a kwalekwale. Muna cikin tafiya na ce masa, "Baba, ashe ruwa ya fi ƙarfin aikin injiniya?" Ya yi murmushi ya ce, "Yaro, ai gadar ba ta yi laifi ba. Nan inda ka ga ya yanke, tun muna yara hanyarsa ce in ya cika. Ya zo ya tarar an toshe, ya buɗe abarsa." Ban gane nauyin maganar ba sai ranar da na ga zanen Magirit. Dattijon yana ganin rabin da ke cikin ruwa, mu 'yan makaranta muna kallon rabin da ke sama.

Abin da ya faru ga wannan 'yar gada shi ne ya faru ga kogin gaba ɗaya. Kogin Haɗeja haɗuwar kogin Kano ne da na Calawa. In ya wuce garinmu sai ya rarrabu ya bazu cikin fadamu har zuwa Nguru, kafin ruwansa ya haɗu da na kogin Jama'are su zama kogin Yobe, wanda ke zuwa tafkin Cadi. Kakanninmu sun tsara rayuwarsu a kan numfashin wannan kogi. In ya cika da damina a yi shinkafa a kama kifi, in ya janye a bi danshi a shuka wake da sauran kayan rani, Fulani su sauko da shanu su ci ciyawa. Ƙasa ɗaya, amfani uku.

A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, a 1992 kuma aka gama ta Calawa. Ba mai musun amfaninsu. Birnin Kano yana sha daga gare su, kuma shinkafa da tumatir da alkamar da ake nomawa a Kura da Kadawa albarkacinsu ne. Wannan shi ne rabin da ke sama, wanda ake ɗauka a hoto. Rabin da ke ƙasa kuwa mu ne muke zaune a cikinsa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa filin da ruwa ke malalewa a fadamun Haɗeja da Nguru ya kai hekta 250,000 zuwa 300,000 a shekarun 1960 da 1970, amma zuwa farkon shekarun 1990 ya koma tsakanin 70,000 da 100,000. Fari yana da nasa kaso a wannan, madatsun ma suna da nasu. Wani bincike da aka buga a 1993 ya auna abin da ruwa ke haifarwa a fadama, na noma da su da itacen wuta, ya gwada da abin da ruwa daidai wannan ke haifarwa a aikin noman rani na kogin Kano, ya tarar na fadama ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Daɗin daɗawa, da aka mai da kogin mai gudu rani da damina, hanyoyin ruwan da a da sukan bushe su huta sai suka zauna cikin danshi kullum. Nan kacala ta sami gida, ta haɗu da yashi suka toshe wasu rassan kogin. Ruwan da ya rasa hanya sai ya karkata ya kwanta a gonakin wasu, wasu kuma can gaba su rasa na ban ruwa, ga tsuntsayen jan baki da ke kwana cikin kacalar suna cinye hatsi. An so a ɗaure kogi ya tsaya wuri ɗaya, sai ya sauya ta inda ba a zata ba. Ko Hiraklitus aka tayar, iyakar abin da zai faɗa ke nan.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce Magirit ya zana Tiga ba, ya rasu kafin a gina ta, kuma na riga na faɗa cewa ba ya son a mai da zanensa karin magana. Abin da na ce shi ne ya kafa tambaya tsirara, ba gari ba zamani, kowa ya zo da kogin garinsu ya amsa. Haƙƙin mai sharhi ne ya zo da nasa, muddin bai ƙara wa zanen abin da babu a cikinsa ba.

Inda Zanen Ya Gaza

Sharhi ba kirari ba ne, don haka dole in faɗi inda na ga rauni. Na farko, ruwan Magirit madubi ne aka kwantar. Kafin ruwa ya nuna inuwa cikakkiya sai ya natsu, kogin Hiraklitus kuwa mai gudu ne. Wanda ya ga kogin Haɗeja a watan Agusta, jajawur da laka, yana tafe da kainuwa da karan dawa, ya san ba ya nuna fuskar kowa. Sunan zanen ya yi alkawarin gudu, ido kuwa ya tarar da kwanciya.

Na biyu, kogin ba shi da jama'a. Na yarda cewa rashin mutum dabara ce, don mai kallo ya zama shi ne matafiyin da ke tsaye a gaɓa. Amma wannan dabara ta rufe wata amsa. A zanen hanya biyu ce kawai, ko ka amince da gada ko ka amince da inuwa. A garinmu akwai ta uku, wato mai fito, mutumin da ya san ruwa da hannunsa, wanda ake komawa gare shi ran da gada ta gaza. Zanen na mutumin birni ne wanda ke kallon kogi daga nesa, bai taɓa jiran jirgi da buhun shinkafa a ka ba.

Na uku, dabarar zanen ana iya faɗinta da jimla ɗaya, kuma wanda aka faɗa wa ya sami fiye da rabin abin. Waƙa mai kyau ba ta yarda a taƙaita ta haka. Duk da wannan, na gwada rufe littafin in manta da gadar, ta ƙi barina. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Kammalawa

Mun ga cewa zubin zanen ya tsayu a kan saɓani ɗaya tsakanin abu da inuwarsa, salonsa faɗin abin mamaki da murya ƙasa-ƙasa, jigonsa kuma shi ne gini da ruwa ba su rabuwa. Mun kuma ga cewa kayan aikin da malamanmu suka ba mu don waƙa suna iya feɗe zane, har harshenmu ya hango abin da wani harshen zai wuce.

Kirana ga 'yan'uwa ɗalibai guda biyu ne. Na ɗaya, cikinmu akwai waɗanda gobe za su zauna a ofisoshin da ake sa hannu a kan takardun hanya da gada da madatsa. In ranar ta zo, a tuna a tambayi masu fito da masunta da manoman fadama kafin a zuba siminti, don su ne ke riƙe da ɗaya rabin hoton. Na biyu, muna da namu masu zanen. Ga adon da magina ke yi a fuskar zaure, ga zanen da ke jikin manyan motoci, ga ayyukan da ke fitowa daga sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya shekara da shekaru. Sharhinsu da Hausa bai taka kara ya karya ba. In ɗan Beljiyam ya iya sa ni na sake kallon gadar hanyar ƙauyenmu, ina ga wanda ya sha ruwan kogin ya ɗauki buroshi ya zana mana rumbu, ko rijiya, ko jinga?

Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na kuskure daga gare ni ne, kuma ƙofar gyara a buɗe take a fitowa ta gaba. Allah ya kiyaye mu da ambaliya da fari, ya sa mu ƙetare lafiya, nan da can. Wassalam.